Na cika wa masarata supa, me ya sa kajina ke neman garin ƙashi?

Tambayar ta fito daga wani mai kiwon kaji a Bukuru, wanda kuma yake noman masara a wajen Mangu. Ga abin da ya ce: "Malam, bana na zuba wa gonata supa da kamfa fiye da yadda na saba, saboda na ji an ce shuka tana tara fosfaras a cikin ƙwayarta. Niyyata in masarar ta cika da shi, in rage sayen garin ƙashi da DCP (garin kalsiyam da fosfaras na sayarwa) a haɗin abincin kajina. Mai haɗa mini abinci ya ce ba haka abin yake ba. Wa ke da gaskiya? Yaya shuka take yanke yawan abin da za ta zuba a ƙwaya? Kuma in na ɗebi iri daga wannan gona, ya fi wanda bai sha taki ba?"

Alhaji, Allah ya sa albarka a gona da kiwo. Mai haɗa maka abinci ya faɗi gaskiya, kuma abin da ka ji shi ma gaskiya ne. Hatsi yana tara fosfaras a ƙwayarsa fiye da yadda yawancin manoma suke zato. Ranar girbi, kashi 60 zuwa 85 cikin 100 na duk fosfaras ɗin da ke jikin shukar daga doron ƙasa zuwa sama yana cikin buhun da ka ɗinke, ragowar ne a kara da ganye. Sai dai masara ba don kazarka ta yi wannan tari ba. Tsiron da zai fito baɗi ta yi wa tanadi, kuma ta ajiye shi a wata siffa da cikin kaza ba ya iya warwarewa yadda ya kamata. Ƙarin supan da ka zuba, ɗan abin da ya kai ga ƙwaya daga cikinsa, kusan duka wannan siffa ya koma.

Sunan siffar fayitin. A takardun masu haɗa abincin dabbobi za ka ga an rubuta fayitet, kusan abu ɗaya ake nufi. Asalinsa wani ɗan zobe ne na sinadari mai suna inositol, dangin sukari, mai kusurwa shida, kowace kusurwa an liƙa mata fosfet ɗaya, wato fosfaras a siffar da shuka ke ɗaukarsa. Fosfet shida a wuri guda suna da ƙarfin jan ma'adanai, don haka fayitin ba ya zama shi kaɗai: yana riƙe da fotasiyam da magniziyam, da ɗan kalsiyam, da ƙarfe da zinki. Shuka tana cura shi 'yan ƙananan dunƙule, ta cusa a cikin jakunkunan ajiya da ke cikin sel, wato ƙananan ɗakunan da aka gina jikin kowane mai rai da su. Kusan kashi uku cikin huɗu na fosfaras ɗin busasshiyar ƙwaya a haka yake zaune. Kamar asusun ƙasa ne na yara: kuɗi yana shiga ta 'yar tsaga, ba ya fita sai an fasa. Mai fasawar wani enzayim ne, wato furotin mai haɗa sinadarai ko warware su a jikin mai rai, da ake kira fayitez, wanda masu bincike a Japan suka fara ganowa a dusar shinkafa tun 1907. Ƙwayar da kanta take tayar da shi idan ta jiƙa ta soma tsiro, ya riƙa ɓanɓare fosfet ɗin ɗaya bayan ɗaya yana miƙa wa jaririn tsiro.

In kana son ka ga inda ajiyar take, jiƙa ƙwayar masara ta kwana, ka tsaga ta a tsaye da reza. Za ka ga gefe mai tauri kamar gilashi, da farin gari mai laushi a tsakiya, sannan can wajen gindi, inda ƙwayar ta manne da totuwa, wani ɗan yanki mai maiƙo, launinsa ya ɗan yi duhu, da siririn tsiro kwance a cikinsa. Wannan ɗan yanki bai fi kashi ɗaya cikin goma na nauyin ƙwayar da wani abu ba, amma fiye da kashi 80 na fayitin ɗin masara yana nan. Farin garin kusan babu. Alkama da shinkafa sun bambanta: nasu yana cikin wata siririyar fata da ke ƙarƙashin ɓawo, wadda ke bin dusa in an casa ko an surfa. Shi ya sa dusar alkama da ta shinkafa suke da fosfaras fiye da giram 10 a kowane kilo, alhali ƙwayar masara ba ta kai giram 3 ba. Dawa da gero sun raba nasu tsakanin wurin tsiron da dusa. Wake da gyaɗa da waken soya kuwa ya bazu cikin ɓari biyun nan gaba ɗaya, surfe ba ya taɓa shi.

Me ya sa shuka take wahalar da kanta da wannan ɗauri, ba ta zuba fosfet ɗin haka nan a sake ba? Babban dalilin zai ba ka sha'awa a matsayinka na mai sayar da masara a kan nauyi. Enzayim ɗin da ke buɗe aikin haɗa sitaci a cikin ƙwaya, wanda ake taƙaita sunansa AGPase, fosfet a sake yana dakushe shi. Ga shi kuma aikin haɗa sitacin da kansa yana ta sakin fosfet. In ba a kwashe shi daga wurin ba, sai ya taru ya tsayar da aikin da ya haife shi. A 2021 masu bincike a Shanghai ta ƙasar Sin suka buga aikinsu a kan wata shinkafa da ba ta cika ƙwaya. Da aka bi diddigi, sai aka ga furotin ɗaya ne ya lalace, mai suna PHO1;2, wanda ke fitar da fosfet daga sel ɗin farin gari. Fosfet ya taru inda bai kamata ba, sitaci ya ƙi haɗuwa, ƙwaya ta motse. Sun ga irin haka a masara ma. Wato ƙwaya mai nauyi ita ce wadda ta iya raba abubuwan biyu: sitaci a ɓangare ɗaya, fosfaras a ɗaure a wani ɓangaren. Akwai dalili na biyu. Ƙarfe a sake cikin busasshiyar ƙwaya yana sa maiƙonta ya lalace, tsiron ya mutu tun yana rumbu. Fayitin yana riƙe ƙarfen, iri ya daɗe da ransa.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Ba a wuri ɗaya ake yanke wannan hukunci ba, tafiya ce daga saiwa har ƙwaya, kuma a kowane mataki akwai furotin na jigila da shuka take ƙarawa ko ta rage.

Daga ƙasa wahalar take farawa. Fosfet ɗin da ke narke a ruwan ƙasa kaɗan ne ƙwarai, na cikin sel ɗin saiwa ya ninka shi sau dubu ko fiye, don haka saiwa da ƙarfi take jawo shi, ta hanyar wasu furotin da ake kira PHT1. Kuma fosfet ba ya yawo a ƙasa kamar naitirojin ɗin yuriya. 'Yan milimita yake motsawa, sai saiwa ta je ta same shi. A jar ƙasarmu ta Filato mai tsami, ƙarfe da alminiyam ɗin ƙasa suna cafke shi tun kafin saiwa ta iso. Abin da shuka ke samu daga takin fosfaras a shekarar da aka zuba shi yawanci kashi 10 zuwa 25 ne. Saura yana ƙasa, wani zai fito a hankali a shekaru masu zuwa, wani ya daɗe a riƙe.

Shuka tana da hanyar sanin ko ta ƙoshi, kuma wannan shi ne ɓangaren da ya fi burge ni a duk al'amarin. Akwai furotin mai suna PHR, aikinsa ya kunna ƙwayoyin gado na yunwar fosfaras: a ƙara masu jigila a saiwa, a yawaita gashin saiwa, a fitar da asid da enzayim su narkar da abin da ƙasa ta riƙe. Akwai wani kuma, SPX, wanda ke kama PHR ya hana shi aiki. Amma SPX ba ya iya kamun sai da taimakon wani ɗan sinadari da ake kira InsP8, wanda yawansa ke hawa da sauka tare da yawan fosfet a cikin sel. In an ƙoshi, InsP8 ya yawaita, SPX ya riƙe PHR, saiwa ta sassauta jan. In yunwa ta zo, InsP8 ya ragu, PHR ya kuɓuce. Ganye ma yana aika saƙo ƙasa: idan ya ji ƙaranci, yana sakin wani guntun RNA (sinadarin da ke ɗaukar saƙon ƙwayoyin gado) mai suna miR399 ya bi jijiyar abinci zuwa saiwa, ya hana a rushe furotin ɗin jigila. Ka riƙe abu ɗaya a nan, zan dawo kansa: InsP8 daga fayitin ake yin sa, fosfet biyu kawai aka ƙara a kan shidan nan.

Abin da saiwa ta ɗauko kafin masara ta yi goyo, ganye da kara ne ke amfani da shi, rarar kuma su adana a jakunkunan sel ɗinsu. Da gemu ya fito aka yi barbara, sai alƙibla ta juya. Ƙwaya tana buƙatar fosfaras cikin 'yan makonni, a daidai lokacin da saiwa ta fara tsufa, a wasu wuraren ma ruwa ya fara ja baya. Sai shuka ta koma kan tsofaffin ganyenta. Ta fara da rarar da ke jaka, sannan ta shiga warware kayan aikin ganyen kansa, musamman RNA da maiƙon fatar sel, inda mafi yawan fosfaras ɗin ganye yake. Duk abin da ta kwance sai ta tura ta jijiyar abinci zuwa goyo. Bushewar da kake gani tana hawa daga ganyen ƙasa bayan goyo, ba mutuwa ce kawai ba, kwasar kaya ake yi. Don haka ba na goyon bayan al'adar zage ɗanyen ganyen masara ko karmamin dawa ana ba awaki tun ƙwaya tana madara. Ganyen da ya riga ya bushe, ɗauki abinka. Wanda yake kore, musamman na kusa da goyo da na samansa, bai gama sauke kayansa ba, sukari da fosfaras duka.

A gaɓar kara ake raba hanya, wannan ya tafi ganye, wancan ya tafi zangarniya. A 2017 ƙungiyar Farfesa Jian Feng Ma ta Jami'ar Okayama a Japan ta bayyana wani furotin a gaɓar shinkafa, SPDT, wanda ke karkatar da fosfaras zuwa ƙwaya. Da suka kashe ƙwayar gadon da ke yin sa, fosfaras ɗin ƙwaya ya ragu da kusan kashi 20, na kara ya ƙaru, amfanin gona kuma bai ragu ba. Wannan ya nuna cewa shuka tana zuba wa ƙwaya fiye da abin da cikarta ke buƙata.

Mataki na ƙarshe kafin shiga shi ne iyakar uwa da ɗa. Tsiron da farin garin da ke cikin ƙwaya sabon rai ne, ba a haɗe suke da jikin uwar ta buɗaɗɗiyar hanya ba. Dole sel ɗin uwa su fitar da fosfet waje, sel ɗin ɗa su ɗauka. Masu bincike a Jami'ar Lausanne ta Suwizalan sun nuna a 2017, a wata 'yar ciyawar gwaji mai suna Arabidopsis, cewa furotin PHO1 da ke fatar ƙwaya, ɓangaren uwa ke nan, shi ke wannan fitarwa. In ya shiga, sai a ɗauki sukari a juya shi zuwa zoben inositol, wasu enzayim su bi juna suna liƙa fosfet har shida, sannan wani furotin mai suna MRP ya tura shi cikin jaka.

To, ga inda supanka ya tafi. Fosfaras ɗin ƙwaya kashi biyu ne. Akwai na aiki, wanda ke cikin DNA da RNA da fatar sel, da ɗan fosfet a sake. Wannan kusan a tsaye yake, ko gona ta sha taki ko ba ta sha ba, domin shuka ba ta wasa da shi. Akwai kuma na ajiya, fayitin, shi ne mai miƙewa da tsukewa. An gwada wannan a waken soya tun shekarun 1980 a Amurka: ana ƙara fosfaras a tushe, fayitin yana hawa, ɗaya ɓangaren yana nan inda yake. In gonarka tana da ƙarancin fosfaras, supan farko zai ƙara maka buhuna, wannan riba ce ta gaske. Da zarar ta ƙoshi, ƙarin da ya biyo baya ba ya ƙara buhu, sai dai ya ƙara fayitin a cikin buhun.

An yi ƙoƙarin sauya wannan hali ta hanyar iri. A shekarun 1990 Victor Raboy na ma'aikatar gona ta Amurka ya samo masara mai ƙarancin fayitin. Wadda ta fi shahara, lpa1-1, fayitin ɗinta ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku, jimlar fosfaras ɗin ƙwaya ba ta canza ba, sai dai yawancinsa ya zauna a sake. Daga baya aka gano furotin MRP ɗin nan ne ya sami matsala. Da aka ciyar da kaji da aladu da ita, sun amfana da fosfaras ɗin sosai, daidai abin da kake nema. Amma a gona sai ta ba da kunya: ƙwaya ba nauyi, amfani ya ragu, iri ba ya fita da kyau in ƙasa ta yi sanyi ko ya daɗe a ajiye. In ka tuna abin da muka ce game da sitaci da ƙarfe, ba za ka yi mamaki ba. Wasu nau'o'in kuma da aka taɓa enzayim ɗin haɗa fayitin ɗin kansu, sai shukar ta ruɗe wajen auna ƙoshinta, tunda da zoben nan ake yin InsP8. An gudu ba a tsira ba. An saki 'yan nau'o'in sha'ir masu ƙarancin fayitin a Amurka da Kanada, masarar kuwa ba ta zama abin noman kowa ba. A ganina hanyar SPDT ta fi dacewa da ƙasa irin tamu, a bar fosfaras a kara ya koma gona. Amma fa sai in karan yana komawa. Mu da muke kwashe kara mu yi danga da girki, abin da ya rage dabbobi su cinye su tafi da shi wani wuri, ribar za ta yi mana kaɗan.

Mu zo kan kaji, mu yi lissafi da alƙaluman da masu haɗa abinci suka daɗe suna aiki da su. Kilo ɗaya na masara yana da fosfaras kusan giram 2.8, wanda ba fayitin ba a ciki giram 0.8 ne. Kilo ɗaya na tunkuzar waken soya yana da kusan giram 6.5, wanda ba fayitin ba giram 2.7. Ɗan tsakon buroila a makonninsa na farko yana son kusan giram 4.5 na wanda zai iya amfani da shi a kowane kilo na abinci. A ce a haɗin kilo 100 ka sa masara kilo 60 da soya kilo 30. Jimlar fosfaras ɗinsu giram 363, amma wanda ke a sake giram 129 ne kacal, buƙata kuwa giram 450. Ka lura da abu biyu. Na farko, ko da an fasa fayitin ɗin duka, 363 bai kai 450 ba. Na biyu, a ce supanka ya ɗaga masarar daga giram 2.8 zuwa 3.5, ƙarin giram 42 ne a duk haɗin, kuma a ɗaure. Kuɗin da ka kashe a ƙarin takin ya fi na DCP ɗin da zai ba ka wannan nesa ba kusa ba. Kaza tana ɗan fasa wani abu a hanjinta, amma ba abin da za a dogara da shi ba ne, balle ga ɗan tsako, balle kuma ga kajin ƙwai da abincinsu ke cike da kalsiyam, wanda ke haɗuwa da fayitin ya ƙara masa tauri.

Abin da zai rage maka kuɗi shi ne fayitez na sayarwa. An fara sayar da shi a Holan a 1991, lokacin da kashin aladu da na kaji ya cika ƙasarsu da ruwansu da fosfaras, kuma daga wata funfuna aka fara samo shi. Yanzu ya zama ruwan dare, wasu firimis, wato haɗin bitamin da ma'adanai da ake zubawa a abincin kaji, ma suna zuwa da shi a ciki, don haka ka karanta takardar buhun kafin ka saya daban. A ma'aunin da aka saba, FTU 500 a kilo na abinci (FTU shi ne ma'aunin ƙarfin fayitez), yana sakin kusan giram 1 zuwa 1.5 na fosfaras a kowane kilo. A haɗinmu na sama, maimakon DCP kusan kilo biyu, kusan kilo ɗaya zai ishe ka. Ragewa ce, ba dainawa ba. Enzayim ne, zafi da laima suna kashe shi, kada a jingine buhunsa a jikin kwano yana shan rana, kuma a fara cuɗa shi da ɗan gari kafin a zuba a babban haɗi, saboda abin da ake sawa ɗan mitsitsi ne. Garin ƙashi ƙarfinsa yana bambanta daga mai ƙonawa zuwa mai ƙonawa, DCP kuwa fosfaras ɗinsa yana kusa da kashi 18 cikin 100, lissafi da shi ya fi sauƙi. In ka ga 'yan tsaki suna zama a kan gwiwa, baki da ƙashin ƙafa suna lanƙwasuwa kamar roba, kada ka yi ta canki-canki tsakanin fosfaras da kalsiyam da bitamin D3, alamomin ƙarancinsu ɗaya ne. Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi take, ba nisa daga Bukuru, kai wa likitocin dabbobi su duba.

Shanu da tumaki da awaki ba su da wannan matsala, ƙwayoyin halittar da ke tumbinsu suna yin fayitez. Tasu matsalar akasin haka ce. Ragon layya da aka ɗura wa dusa zalla wata da watanni yana samun fosfaras fiye da kima, kalsiyam kuma kaɗan, sai tsakuwa ta toshe masa mafitsara, ka gan shi yana nishi yana yunƙurin fitsari ba ya fita. Harawar wake ko ta gyaɗa, ɗan garin farar ƙasa a cikin dusar, gishiri da wadataccen ruwa suna kare wannan. Ana son kalsiyam ya ninka fosfaras sau biyu a abincinsa.

Mu 'yan Adam a wannan fanni sahun kaza muke. Damuwarmu ba fosfaras ba ce, muna samunsa ta ko'ina. Ƙarfe da zinkin da fayitin ke riƙewa su ne abin ji, musamman ga yaron da aka yaye da kunun hatsi zalla da mace mai ciki. Tafasa ba ta fasa fayitin, tana ma kashe fayitez ɗin da ke cikin hatsin. Abin da ke fasa shi su ne jiƙo, da tsiro, da barin ƙullu ya yi tsami, domin enzayim ɗin ya fi aiki a ɗan tsami da ɗumi. Iyayenmu mata da ke barin gasara da ƙullun waina su kwana, ko su sa tsiron hatsi a kunu, aikin da suke yi ke nan. Masara da dawa da gero fayitez ɗinsu kaɗan ne, na alkama yana da yawa, don haka ɗan garin ɗanyar alkama da ba a cire wa dusa ba, in aka dama shi cikin ƙullun aka bar shi 'yan sa'o'i kafin a kai wuta, yana taimakawa. Ɗan kifi ko nama, ko lemo da gwaiba a kan abinci, suna ƙara shigar ƙarfen. Babba mai cin abinci kala-kala ba sai ya damu ba.

Akwai wani lissafi da nake so kowane manomin masara ya yi. Buhu goma na kilo 100 suna fita daga gona da fosfaras kusan kilo 3. Buhun kamfa 15-15-15 mai kilo 50 yana da kilo 7.5 a ma'aunin da ake rubutawa a jikin buhu, wanda ainihin fosfaras ɗin ciki kilo 3.3 ne. Wato duk buhu goma da mota ta ɗauka daga Mangu zuwa kasuwar Katako ta Jos, fosfaras ɗin buhun kamfa guda ya bi ta. Kuma taki ne da ake haƙowa daga dutse, kusan kashi 70 na ajiyar duniya da aka sani yana Maroko, daga can ne shirin takin gwamnatin tarayya na 2016 ya riƙa shigo da shi. Kai ka yi sa'a, masararka ba ta yi nisa ba. Fayitin ɗin da kajinka suka kasa fasawa yana cikin kashinsu. Masu lambun bakin kogin Dilimi sun daɗe da sanin darajarsa, shi ya sa suke bin gidajen kaji da buhuna. In kana sayar da kashin duka, kana sayar da supan da ka saya ne a farashin shara. Ka ware na gonarka, ka ajiye shi a inuwa a rufe, kada ruwan sama ya wanke shi zuwa kududdufin kuza ya cika shi da gansakuka.

Saura batun iri, kuma a nan ne ƙarin takinka ya yi rana. A mako biyun farko tsiron masara da ajiyar ƙwaya ya fi dogara, kafin saiwarsa ta bazu. Irin da ya fito daga gonar da ta ƙoshi yana tashi da ƙarfi, saiwa ta yi saurin nisa, kuma bambancin ya fi fitowa a ƙasa mai ƙarancin fosfaras. In ƙasar tana da wadata, ko an sa taki a gindi ranar shuka, bambancin yana shafewa. Sharaɗi ɗaya: in haibirid ka shuka, kada ka ɗebi iri daga cikinta komai kyanta, 'ya'yanta ba sa biyo ta. In irin da ake maimaitawa ne, kamar wasu daga cikin SAMMAZ na cibiyar bincike ta Samaru, to ware 'yan kunyoyi a tsakiyar gona, ka ciyar da su sosai, ka bar su su bushe a tsaye ba tare da an zage musu ganye ba, daga nan za ka zaɓi goyon iri. Girman ƙwaya yana da tasiri: ƙwayar masara dubu ta kai giram 250 zuwa 350, ta gero wajen giram 10, ta acca ba ta kai giram ɗaya ba. Mai ƙaramar ƙwaya ajiyarsa tana ƙarewa da wuri, shi ya sa binciken cibiyar ICRISAT a Sadore ta Nijar ya nuna cewa giram 6 na kamfa ko giram 2 na takin DAP mai yawan fosfaras a ramin shuka yana ɗaga gero ƙwarai.

Sauran gonar kuwa, ka tsaya a kan ma'aunin da aka daɗe ana ba manoman masara a yankinmu, kilo 60 na fosfet a hekta a ma'aunin jikin buhu, wato buhu takwas na 15-15-15, sai in gwajin ƙasa ya ce a ƙara ko a rage. Duka a sa shi ranar shuka ko cikin makon farko, a binne, ɗan yatsa ɗaya nesa da iri kuma ƙasa da shi kaɗan. Watsa shi a sama bayan masara ta kai gwiwa ba wa jar ƙasa sadaka ne. In kuma kana noman rani ka ga ganyen ƙananan masara ya yi shunayya a gefe lokacin hunturu, kada ka yi gaggawar sayen wani buhu. Sanyin Jos yana rage wa saiwa kuzarin jan fosfet ko da yana nan a ƙasa. Ka jira rana ta ɗumama ƙasar ka duba sabon ganye: in ya fito kore, sanyi ne, in shi ma ya fito da shunayya kuma shukar ta tsumbure, ɗebi ƙasa daga wurare da dama a gonar ka kai a auna tsaminta da fosfaras ɗinta.